Ikon Kashewa da Ikon Ƙyalewa

A gidajenmu da yawa yanzu, in an gama tuwon dare, yara sukan taru gaban talabijin ko kan waya guda suna kallon finafinan namun daji. Iyaye kuwa hankalinsu kwance, tun da babu batsa, babu ashar. Amma fim ma malami ne, ya kamata mu san abin da yake koya wa 'ya'yanmu.

Akwai wani da ya yi suna ƙwarai, mai suna L'Ours, wato Beyar, wanda Bafaranshe Jean-Jacques Annaud ya shirya a 1988. Babu beyar a dazuzzukanmu. Yawancinmu a Littafi Mai Tsarki muka ji sunanta, inda Dawuda ya ba Sarki Saul labarin yadda yakan ƙwaci tunkiya daga bakinta. A cikin fim ɗin, maharba biyu suna bin wani ƙaton beyar da karnuka a duwatsun Kanada, har ɗayansu ya harbe shi a kafaɗa. Wata rana maharbin nan ya je shan ruwa, ya bar bindigarsa, sai ga beyar a gabansa, ba hanyar gudu. Ya durƙusa yana makyarkyata. Dabbar ta yi ruri a kansa, sa'an nan ta juya ta yi tafiyarta. Da ya ɗauko bindiga ya auna ta, sai ya kasa harbi, ya kuma hana abokinsa. An ɗauko labarin daga littafin James Oliver Curwood na 1916, mutumin da shi kansa maharbi ne kafin ya koma mai kare namun daji.

Yara sukan tafa, su ce beyar ta yi tausayi. A nan ne ya kamata mu tsaya mu yi tunani. Dabba ba ta san gafara ba. In ta bar mutum, ta ga ba shi da sauran barazana ne, ko ba ta jin yunwa. Kura ba ta yin zunubi in ta ɗauki akuya, ba ta samun lada in ta bar ta. Mutum ne kaɗai yake iya ɗora yatsa a kan kunamar bindiga, da dama a hannunsa, da fushi a zuciyarsa, ya ce a'a. Saboda haka darasin yana wurin maharbin ne. Jiki magayi: sai da ya ɗanɗani tsoron mutuwa kafin ya gane abin da yake sa wa wata halitta.

To, mu dawo gida. Ga Dajin Falgore a ƙofarmu, wanda hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa ta ƙasar Tudun Wada da Doguwa. Tun zamanin Turawa aka keɓe shi, daga baya aka mai da shi gandun namun daji. Ta cikinsa Kogin Kano yake bi kafin ya zuba a madatsar Tiga da aka gama a 1974, wadda manoman rani suke ci da ita. Ku tambayi dattawanku irin gwanki da gada da gadu da suka gani da ƙuruciya, sa'an nan ku tambayi samari abin da suke gani yau.

Ba mu ce farauta haram ce ba. Manomin Kiru ko Bebeji da birai suka addabi masararsa yana da hakkin kare guminsa. Magidancin da ya kamo zomo don miyar iyalinsa bai yi laifi ba. Eklesiya tana koyar da cewa an halatta mana amfani da dabbobi don abinci da sutura, amma azabtar da su ko kashe su a banza ya saɓa wa mutuncin ɗan Adam. Paparoma Faransis ya sake tuna mana wannan a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015. Wanda ya cinna wa daji wuta da kaka don gafiya uku, ya ƙone makiyaya da ƙananan itatuwa da ƙwan zabi, wace bukata ya biya? Wanda ya harbi gada mai ciki, naman baɗi ya cinye.

Maganar kuma ta wuce daji. Kowannenmu akwai wanda yake durƙushe a gabansa: mai bashi a gaban mai kuɗi, yaron gida a gaban uwargida, mace a gaban miji mai zafin hannu. Dawudan da ya kashe beyar don tumakinsa, shi ne ya sami Saul a kogon En-gedi, maƙiyin da yake farautar ransa, ya yanki gefen rigarsa kawai ya ƙyale shi. Ya san lokacin da ake ɗaga hannu, ya san lokacin da ake sauke shi.

Don haka iyaye, kada ku bar yara su kalli irin wannan fim su kaɗai. Ku zauna tare da su. In ya ƙare, ku tambaye su dalilin da ya sa maharbin bai yi harbi ba, ku saurari amsarsu. Gobe da safe kuma, in kun ga danƙo a hannun ɗanku yana auna tsuntsun da ba zai ci ba, ku tuna masa da amsar da ya bayar.

Ubangiji ya ba mu zuciya mai jinƙai. Amin.