Sojan Gona A Ɗakin Jarrabawa: Wa Aka Cuta?



A 'yan shekarun nan, duk gidan da Allah ya ba 'ya ko ɗa mai aikin jinya ko ungozoma, hira ɗaya ake yi: yaya za a samu rajistar aiki a ƙasar waje, musamman Ingila. Maƙwabtanmu Yarabawa suna ce wa abin japa, mu kuwa tun kaka da kakanni mun san ci-rani. Neman halak a ƙasar wani ba baƙon abu ba ne a wurinmu, da shi aka kafa unguwar nan. Tambayar da nake so mu duba ita ce wadda ake yi ƙasa-ƙasa. Yarinya ta gama makarantar jinya, ta shekara biyar tana karɓar haihuwa, kowa ya yaba hannunta, amma jarrabawar Turawa ta tsaya mata a wuya. Sai ga ejan ya ce a kawo kuɗi, yana da wanda zai zauna mata. To, tunda dai ta iya aikin, wa aka cuta?

Bari mu fara da sanin hanyar, domin da yawa iyaye kuɗi kawai suke bayarwa ba su san me ake biya ba. A Ingila akwai hukumar da ake kira NMC, ita ke riƙe da rajistar nas-nas da ungozomomi. Wanda sunansa ba ya cikin rajistar ba shi da ikon yin aiki a matsayin nas. Mai zuwa daga waje sai ya bi matakai. Da farko a duba takardun makarantarsa, kuma hukumar ƙasarsa, wato a nan Hukumar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma ta Najeriya, ta tabbatar cewa lasisinsa na gaske ne. Sai jarrabawar Turanci, ko IELTS ko OET. A IELTS ana neman maki 7 a karatu da saurare da magana, 6.5 a rubutu. Sai jarrabawar kwamfuta, CBT, wadda ana iya zamanta a nan gida, kashi biyu ce: tambaya 15 na lissafi, irin lissafin awon magani, sai tambaya 100 kan aikin jinya. Bayan nan sai jarrabawar aiki a aikace, OSCE, wadda sai an je can ake yi. Zango 10 ne, a cikinsu ana kallon yadda mutum zai duba majinyaci, ya tsara kulawa, ya ba da magani. Daga ƙarshe sai shaidar lafiya da ta hali, har da takardar 'yan sanda. Kuɗin waɗannan matakai ya haura fam 1,000, ban da na jarrabawar Turanci. Masu son Saudiyya su ma ba su tsira ba, can ma sai an tantance takardu an zauna jarrabawa.

Yanzu ga abin da ya sa maganar ta shafe mu kai tsaye. A shekarar 2023, hukumar NMC ta sanar cewa an gano maguɗi a wata cibiyar jarrabawar CBT a nan cikin Ibadan. Abin da ya tona asiri shi ne lokaci: an ga wasu suna gama jarrabawar cikin ɗan lokacin da hankali ba zai ɗauka ba, aka yi zargin sojan gona ne ke zauna musu. Kusan mutum 2,000 ne suka yi jarrabawa a wurin. Hukumar ta soke sakamakon cibiyar baki ɗaya. Ɗaruruwa aka tuhuma, wasu sun riga sun fara aiki a asibitocin Ingila, kuma an cire wasu daga rajista. Akwai waɗanda har yau suna cewa da kansu suka zauna, Allah ne masani. Amma har waɗanda ba a tuhume su da komai ba, sai da suka sake jarrabawar. Ɓera ɗaya ya ja wa dangi zagi.

Masu kare sojan gona suna da hujja, kuma adalci ne a saurare su. Suna cewa tsarin kansa ba shi da adalci. Yarinya ta yi karatu da Turanci tun daga firamare, amma sai ta biya kuɗi masu yawa ta nuna ta iya Turanci, domin ba su sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da aka ɗauke wa wannan ba. Ƙasarmu ce ta horar da ita, su kuwa sai su tsince ta a nune. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya cikin ƙasashe 55 masu ƙarancin ma'aikatan lafiya a 2023, don haka ba a yarda asibitocin Ingila su zo su yi farautar ma'aikata a nan ba, amma idan mutum ya kai kansa suna karɓa hannu bibbiyu. A gida ma, a Fabrairun 2024, hukumarmu ta fito da sharaɗin sai nas ta yi aikin shekara biyu kafin a tantance mata takardu, har nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Shugaban hukumar a lokacin ya ce fiye da nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Sai mai hujja ya ce: kowa na cin rabonsa a kanmu, don me ni kaɗai za a ce in bi layi?

Duk wannan gaskiya ne, kuma abin takaici ne. Sai dai zaluncin da aka yi maka bai zama lasisin ka cuci wani na uku da bai san hawa ba bai san sauka ba. Mu 'yan Sabo mun fi kowa sanin haka, in muka tuna yadda aka yi unguwar nan ta tsaya da ƙafarta. Tun da aka kafa ta a 1916, Bahaushe yana taso wa daga Kano ko Sakkwato da shanu, bai san kowa ba, bai iya Yarabanci ba. Sai ya sauka wurin maigida. Maigida ya ba shi masauki, dillali ya haɗa shi da mahauci, a ba da shanu bashi ba tare da takarda ba. Me ya sa falke ya yarda ya bar dukiyarsa hannun wanda bai taɓa gani ba? Saboda maigida ya tsaya masa, ya ce na san wannan, in bai biya ba ni zan biya. Haka goro yake tafiya Arewa. Jarin unguwar nan gaba ɗaya lamuni ne. Maigidan da ya tsaya wa maƙaryaci sau ɗaya, labari ya kai Arewa kafin shi, fatake su sauya masauki.

To, rajistar nas ita ce maigidan wannan zamani. Tsohuwar da ke kwance a asibitin Manchesta ba ta san 'yarmu ba, ba ta san gidansu ba, ba ta san wa ya yi mata tarbiyya ba. Ta miƙa hannu a yi mata allura ne domin wata hukuma ta ce na gwada wannan, na tsaya mata. Wanda ya sa aka zauna masa jarrabawa ya sa maigida ya yi shaidar abin da bai gani ba. Malamai kuwa sun lissafa shaidar zur cikin manyan zunubai, kuma ba wanda ya furta ta kaɗai ke da alhaki ba, har wanda ya saye ta.

Za a ce ai ta iya. Wa ya ce ta iya? Ita da iyayenta. A shari'a mutum ba ya zama shaidar kansa, ba a kuma karɓar shaidar uba ga ɗansa, ba don an ce maƙaryata ne ba, sai don so yana rufe ido. Wadda ta ƙware a karɓar haihuwa tana iya rauni a lissafi, kuma tambaya 15 ɗin nan an sa su ne don wannan. Maganin jariri da nauyinsa ake aunawa. Ɗigo ɗaya ya goce daga wurinsa, abin da za a ba shi ya ninka sau goma. Mu 'yan kasuwa in muka tauye mudu, wanda aka cuta ya rasa tiya ɗaya ta masara, duk da haka sura guda aka saukar da sunan masu tauye mudu. Ina ga awon da rai ke rataye a kansa?

Saboda haka mutum uku aka cuta. Na farko majinyaci, wanda aka sa ya amince bisa ƙarya, ko da Allah ya tsare ba a yi kuskure ba. Na biyu 'yan baya. Yarinyar da ta kwana tana karatu da fitilar waya, mahaifinta ya sayar da fili ya biya mata, yanzu duk wanda ya ga Ibadan a takardarta sai ya sake dubawa. Na uku ita kanta mai takardar. Malamai sun saɓa kan albashin irin wannan aiki: wasu na ganin in tana yin aikin yadda ya kamata albashin ya halatta, zunubin ha'inci kuwa sai ta tuba, wasu sun fi tsanantawa. Ko da ta ɗauki mafi sauƙi, ta zauna da fargaba, kowace wasiƙa ta shigo gabanta ya faɗi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Wanda aka cire daga rajista kuwa, aiki ya tafi, bizar da ke rataye da aikin ta shiga haɗari, ga bashin da aka ci a gida yana jira.

Iyaye, mu ji tsoron Allah, sau da yawa mu ne muke tura su. Yarinya ta faɗi sau ɗaya, sai a fara cewa ga 'yar gidan wane har ta turo mota. Wannan gori shi ke kai ta hannun ejan. Faɗuwa a jarrabawar nan ba ƙarshen hanya ba ce, ana sake zama. Abin da ya fi mana shi ne mu yi abin da muka gada. Yadda ake adashi don aure da jari, a yi don kuɗin jarrabawa. Waɗanda suka riga suka ci su ware wa ƙannensu lokaci, ko ta waya ce, su koya musu lissafi da rubutu. Kowa ya cika takardunsa da hannunsa a shafin hukumar, kada ya ba ejan lambar sirrinsa. Duk wanda ya ce maka yana da hanya a ciki, ka sani amanarka yake son saye da kuɗinka.

Wadda kuma ta gwada ta gwada abin bai yiwu ba, kada ta ɗauka an rufe mata ƙofar arziki. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu wajen ciki da haihuwa a duniya a 2020 'yan Najeriya ne. Matanmu na Sabo da Sasa da Ojoo suna neman ungozoma mai jin Hausa da za su gaya wa ciwonsu ba kunya. Wadda ta tafi da takardar gaskiya, Allah ya tsare hanya, ta riƙa tuna gida. Wadda ta zauna, ladanta na wurin Allah, mu kuma mu daina kallonta kamar wadda ta gaza.

Allah ya azurta mu da halak, ya tsare mana zuriya daga ha'inci, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.