Masu ɗaukar jaka da suka cika zauren gwarzaye

'Yan uwa masu neman halak da gumin goshi, ku karkaɗe kunnuwa. A jihar Teksas ta Amurka akwai zauren karrama gwarzayen wasan golf, wanda aka kafa a 1978 don kada sunayen waɗanda suka fitar da jihar kunya a wannan wasa su bi ruwa. Kowa ya san golf wasan masu hannu da shuni ne. To amma manyan sunayen da zauren ke tinƙaho da su, da ɗaukar jakar wasu suka fara.

Ben Hogan ɗan maƙeri ne. Yana da shekara tara ya zama maraya. Ya yi tallar jarida a tashar jirgin ƙasa ta Fort Worth, daga baya ya koma filin Glen Garden yana saɓa jakar sandunan attajirai a kafaɗa, yana bin su cikin rana ana ba shi na goro. A can ya haɗu da wani yaro mai irin sana'arsa, Byron Nelson. Da aka shirya wa masu ɗaukar jaka gasa a 1927, Nelson ya kayar da shi da bugu ɗaya tak. Nelson ɗin nan ne ya cinye gasa 18 a shekarar 1945, goma sha ɗaya daga ciki a jere, kuma har yau babu wanda ya kama ƙafarsa.

Shi kuwa Hogan, ƙofarsa ba ta buɗe da wuri ba, kuma nan ne labarin ya fi taɓa ni. Ya shiga wasan kuɗi a 1930, aljihunsa ya ƙone ba sau ɗaya ba, sai a 1940 ya ci gasa shi kaɗai. Shekara goma yana buga ƙwallo tun safe har tafin hannunsa ya yi kanta, wasu suna ɗaga kofi yana kallo. A watan Fabrairun 1949 wata babbar bas ta yi karo da motarsa, ƙasusuwansa suka kakkarye, likitoci suna shakkar ko zai sake takawa. Wata goma sha shida bayan haka, ƙafafunsa a naɗe da bandeji, ya lashe gasar US Open ta 1950.

Kai birkila, kai bakanike, ke mai ɗinki, kai ɗan dako da kake ganin shekaru suna tafiya ba a san da kai ba, shekara goman Hogan ba asara ba ce. A cikinsu hannunsa ya nuna. Naka ma yana nuna, ko da mai gidanka bai lura ba. Kada ka saki!

Lee Trevino ma haka ya faro, kamar Hogan. Kakansa mai haƙar kabari ne, shi kansa ya tsinci auduga tun yana ƙarami, ya bar makaranta yana da shekara 14 ya kama ɗaukar jaka a Dallas. Ya gama da manyan kofuna shida.

Abin da ya ƙara mini ganin girman zauren shi ne bai tsaya kan masu ɗaga kofi ba, ya sa malamai a ciki. Harvey Penick ya fara ɗaukar jaka a wani kulob ɗin golf a Austin yana da shekara takwas, ya zama babban mai koyarwa na kulob ɗin a 1923, ya riƙe aikin kusan shekara hamsin a wuri ɗaya. Yana da wani ɗan jan littafi da yake rubuta duk abin da aiki ya koya masa, ba a buga shi ba sai a 1992, lokacin yana da shekara 87. A wannan shekarar almajirinsa Tom Kite ya ci US Open. Wani almajirinsa, Ben Crenshaw, yana cikin waɗanda suka ɗauki gawar malamin a watan Afrilun 1995, ya koma fili a makon ya cinye gasar Masters karo na biyu.