Mai Tona Ha'inci Ba Annamimi Ba Ne

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, gargaɗinmu na wannan mako ga attajirai ne da masu shaguna da masu sayen riɗi da gyaɗa, tun daga Achilafiya har Kazaure, Ɓaɓura, Roni da Gwiwa. Sau da yawa yaron gida yakan ga ana tauye mudu, ko ana zuba yashi cikin riɗi, amma ya yi gum, domin ya san in ya buɗe baki za a kira shi annamimi, a sallame shi.

To, a sani, annamimi shi ne mai kai gulma don ɓata tsakanin mutane. Wanda ya faɗi gaskiya domin kau da ɓarna kuwa nasiha ya yi. Imamu Nawawi ya lissafa wurare 6 da ya halatta a ambaci aibin mutum, daga cikinsu akwai neman taimako wajen gusar da munkari. Zaidu ɗan Arƙam yana yaro ya kai labarin mugun furucin Abdullahi ɗan Ubayyu, mutumin ya rantse bai faɗa ba, sai Allah Ya saukar da Suratul Munafiƙun Ya gaskata yaron.

Saboda haka abu uku ya hau kan maigida. Na farko, ya sanya amintaccen mutum da za a riƙa kai wa ƙara a asirce. Na biyu, ya bincika kafin ya hukunta, kamar yadda aya ta 6 ta Suratul Hujurat ta umarta, don kada a zalunci wanda aka zarga. Na uku, kada ya kori mai ƙarar, ko ya hana shi haƙƙinsa.

Hukuma ma ta bi wannan hanya. Dokar ICPC ta 2000 ta hana bayyana sunan wanda ya kai rahoto. A 2014 Babban Bankin Nijeriya ya wajabta wa bankuna su tanadi kafar karɓar irin wannan ƙara. A Disamban 2016 Gwamnatin Tarayya ta ware ladan kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari na dukiyar da aka ƙwato.

Ya kai maigida, gara ka ji aibin shagonka daga bakin yaronka da ka ji shi gaban alƙali, balle ranar da gaɓoɓi za su yi shaida. Allah Ya tsarkake mana dukiyoyinmu, amin.