Tsohon Agogo da Haƙƙin Mai Saye

A Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa a cikin birnin Kano, masu kayan tarihi kan baje tsohon agogon tebur kusa da tasoshin tagulla. Gilashinsa ya tsage, lambobin fuskarsa sun dushe. Wannan tsufa ba aibi ba ne, domin a fili yake, kuma shi mai saye ya zo nema. Aibin da shari'a ke magana a kai yana ciki: an cire injin asali an sa na batir, ko an ɗan taɓa shi ya yi tafiyar yini guda ya tsaya. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malaman birni, ta hana ɓoye aibin kaya, ta ba mai saye zaɓin mayarwa.

Wani zai ce ai gwanjo ne, kowa da idonsa, abin da ka gani shi ka taya. Hujjar tana da ƙarfi ga abin da ido ke kaiwa. Amma mai taye bai buɗe bayan agogo ba, dillali kuwa ya buɗe, ya san haƙorin da ya karye. Shi ya sa malaman Malikiyya ba su yarda mai sayarwa ya ce "ba ruwana da aibi" a kan aibin da ya sani ya yi shiru ba.