Kifin da Ba a Kama Ba, Na Wane Ne?

Kogin Kano da Kogin Calawa su ne suka haɗu suka haifi Kogin Haɗeja, wanda ya ratsa ƙasar Ringim, ya wuce arewa da Dutse ta wajen Jahun da Miga. A zamanin dā, in damina ta yi nisa, sai kogin ya malala cikin fadamu, kifi ya bi ruwan ya yi ƙwai a ciyawa. In ruwa ya janye, sai ya bar tafkuna cike da tarwaɗa da karfasa. Sarkin Ruwa ya kan hana a taɓa waɗansu sai ranar da ya yanka, sa'an nan a shiga da koma da gora. Mutane sun jure wa dokar domin sun tabbata baɗi ma ruwan zai komo.

A shekarar 1974 aka gama madatsar Tiga, a 1992 kuma ta Calawa. Gonaki da birnin Kano sun amfana, ba shakka. Amma malalar damina ta ragu, ruwan da a ke sakowa da rani kuwa ya raya ciyawar kacalla, har ta toshe hanyoyin ruwa. Masunta ba su zauna ba. Waɗansu suka kama noman rani, waɗansu suka bi kifin zuwa Tiga, waɗansu suka gina tafki suna kiwon tarwaɗa. Waɗansu kuwa suka ƙanƙance idon taru, har da masu jan gidan sauro, suna kwashe kifin da bai kai ɗan yatsa ba.

To, mai gidan sauron nan ɓarawo ne? Bai shiga rumbun kowa ba, kifin kuma ba shi da shaidar mai shi. Duk da haka ya ci abin wani, watau na maƙwabcinsa da ya yi haƙuri, da na ɗansa wanda zai gāji sana'ar. Yunwa ta kan rage laifi, ba ta shafe shi.

Sai dai mai shari'a ya duba wani abu. Dā, wanda ya ce a jira shi ne ya san ranar buɗewa, a garin kuma ya ke kwana. Yanzu ana ce wa masunci ya jira, alhali mabuɗin ruwan yana hannun waɗanda ba su san sunan ƙauyensa ba. Sarkin Ruwa yana iya ƙwace taru. Ba ya iya buɗe ƙofar Tiga.