Takunkumi da Tawakkali: Wa Ke da Alhakin Numfashin Ma'aikacin Mai?

Daga Wudil zuwa Gaya, har cikin ƙauyukan Ajingi, ba a rasa ɗan bumburutu a bakin hanya da jarkokinsa. Wani da baki yake zuƙo fetur ta tiyo. Wani ɗan'uwansa yana Kano yana shiga cikin tankar mai don wanki ko walda, ya ɗaure hanci da tsumma. Idan aka ce su kula, amsar ba ta canzawa: "Ai sai kwana ya ƙare."

Maganar gaskiya ce, amma ba a gurbinta aka ajiye ta ba, kuma lokacin gyara ta ya yi, domin harkar mai tana ƙara matsowa Arewa. A Yunin 2020 aka ƙaddamar da shimfiɗa bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614. A Nuwamban 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gombe. Samarin Gaya da ke neman abin yi ba za su rasa a irin waɗannan wurare ba.

Abin da ke jiran su a can ba ya ganuwa. Akwai iskar haidirojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke fitowa daga wasu rijiyoyin mai da tankuna. Ta fi iskar da ake shaƙa nauyi, don haka takan kwanta a rami da gindin tanki. Idan ta kai kashi 100 cikin miliyan sai ta kashe jin warin, mutum ya ɗauka ta wuce, alhali lokacin ne ta ƙaru. Idan ta kusa kashi 1,000 cikin miliyan, shaƙa ɗaya ko biyu ta isa ta kayar da ƙato. A Disambar 2003 rijiyar gas ta ɓalle a Kaixian ta ƙasar Sin, wannan iska ta kashe mutum 243, akasarinsu mazauna ƙauyukan kewaye. Tururin fetur kuwa yana ɗauke da benzin, wanda a hankali yake jawo sankarar jini.

Tsumma ba ya tare ko ɗaya daga ciki, haka ma takunkumin da aka saba da shi lokacin korona. Takunkumi mai matata yana tace wasu gurɓatattun iskoki, amma ba ya samar da oksijin. Inda oksijin ta yi ƙasa da kashi 19.5 cikin ɗari, ko gubar ta yi yawa, sai wanda ke haɗe da tukunyar iska da ake goyawa a baya.

Shin wanda ya sa wannan kaya ya rage dogaro ga Allah? Tarihin Musulunci ya amsa tun da wuri. Annabi Muhammadu (SAW) ya sa sulke biyu a ranar Uhudu. Tirmizi ya ruwaito cewa Annabi ya umarci mai raƙumi ya ɗaure dabbarsa sannan ya yi tawakkali. Da annoba ta faɗa wa Sham, Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga Sarg, ya kuma fahimtar da Abu Ubaida cewa komawar ita ma cikin ƙaddara take. Imamu Shaɗibi, malamin Malikiyya na Andalus, ya lissafa kare rai cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo don tsarewa. Rai ajiya ce a hannun mai shi, kuma za a tambaye shi yadda ya riƙe ta.

Tambaya mafi wuya ita ce ta gemu. Takunkumi mai kama fuska sai robarsa ta manne da fata. Gashi kaɗan a ƙarƙashinta yana buɗe wa guba hanya, shi ya sa kamfanoni ke shardanta aski. Saurayin da ya tsayar da gemu don koyi da sunna sai ya ga kamar an sa shi zaɓi tsakanin addininsa da abincinsa. Ƙa'idar fiƙihu sananniya ce: lalura tana halatta abin da aka hana, amma gwargwadonta kawai. Akwai hular da ke rufe kai gaba ɗaya, injin batir yana hura tatacciyar iska cikinta, kuma ba ruwanta da gemu. Ta wadatar a ayyuka da dama, sai dai ba ta isa ga tankin da babu oksijin ba. Adalci shi ne a sama wa mai gemu hular inda take aiki, ko a ba shi wani fanni, a bar maganar aski ga inda babu makawa.

Nan ne nauyin ke komawa kan maigida. Yaron da ake biya kuɗin yini ba shi da halin sayen tukunyar iska. Wanda ya tura shi cikin tanki ba tare da an auna iskar ba, babu igiya, babu mai tsaro a bakin murfi, ba zai fake da ƙaddara ba idan aka fito da gawa. Sau da yawa ma gawar ba ɗaya ba ce, domin wanda ya faɗa don ceto hannu rabbana shi ma can yake zama.

Gaya garin masu aiki da wuta ne tun asali, domin tarihin baka ya ce maƙeran Abagayawa daga nan suka tafi Dala neman tama. Jikokinsu da ke shiga harkar mai sun cancanci su ji wannan bayani daga bakin limamai a huɗubar Juma'a, da shugabannin ƙungiyoyin direbobin tanka da masu walda, kafin ranar da za a buɗe musu murfin tanki a ce su sauka.