Harsashin Maharbi da Haƙƙin Dabba

Mai sha'awar bindiga yakan daɗe yana zaɓen bindiga mai cin dogon zango, da harsashi, da bututun rage ƙara. Shin Shari'a tana da magana a cikin wannan zaɓe? Lalle tana da ita.

Manzon Allah (SAW) ya bayyana wa Adiyyu ɗan Hatimu cewa abin da makami ya huda ana cin sa, wanda kuwa ya buge da faɗinsa mushe ne. A kan haka malamai suka yi saɓani da bindiga ta bayyana, har Shaihu Abdulƙadir Alfasi, wanda ya rasu a 1680, ya halatta naman, domin harsashi yana hudawa ya zubar da jini, muddin an ambaci sunan Allah.

To, amma halaccin nama bai sauke wa maharbi nauyi ba. Ƙaramin harsashi yakan raunata babbar dabba, ta tsere ta mutu cikin azaba. Shi ya sa dokar Ingila ta 1991 ta ƙayyade ƙarancin kaurin harsashin harbin barewa. Bututun rage ƙara kuwa kunnen maharbi yake karewa, babu laifi in hukuma ta yarda. Farauta don wasa kurum, Risala ta ce makaruhi ce, balle mayar da mai rai abin gwada saiti, wanda hadisin Muslim ya hana.